Kwalejin Amarillo: yadda ɗalibai suka tarar da ofisoshi da ma'aikata, da abin da aka yi a kai

A farkon shekarun 2010 hukumar Kwalejin Amarillo, da ke jihar Teksas ta Amurka, ta tsinci kanta cikin halin da ya zama ruwan dare a makarantu irinta: ɗalibai suna shigowa da yawa a kowace shekara, amma kaɗan ne daga cikinsu suke fita da takardar shaida a hannu. Sauran sukan ɓace a tsakiyar zango ba tare da sallama ba, kuma babu wanda yake bin sawunsu don jin abin da ya faru. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne ɗaliban sun zo da raunin karatu daga sakandare, ko kuma ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Russell Lowery-Hart, wanda ya zo kwalejin a 2010 a matsayin mataimakin shugaba mai kula da harkokin karatu, ya kuma zama shugabanta a 2014, shi ma da wannan zato ya fara. Yana sa ran ɗalibai za su ce suna bukatar ƙarin darussan share fage da ƙarin masu yi musu bita. Da aka zauna da su aka tambaye su, sai ya zamana, kamar yadda ya sha faɗa a bainar jama'a, manyan dalilai goma da suka lissafa babu ko ɗaya da ya shafi abin da ake koyarwa a aji. Sun ambaci renon yara, abin hawa, kuɗin haya, abinci, kuɗin wuta da ruwa, rashin lafiya, damuwar zuciya da matsalolin shari'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk abin da kwalejin ta yi daga baya daga wannan tambayar ya samo tushe.

Kafin a shiga cikin lamarin, ya kamata a san irin makarantar da ake magana a kanta. Kwalejin al'umma a Amurka makarantar gwamnati ce ta shekara biyu, wadda take karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare ba tare da jarrabawar tacewa ba, kuma kuɗinta bai kai na jami'a ba. Wasu suna zuwa don koyon sana'a kamar aikin jinya, walda, gyaran injuna ko tuƙin manyan motoci, wasu kuma suna yin shekara biyun farko ne a nan kafin su koma jami'a su ƙarasa digiri. Ta farko a cikinsu ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, kuma rahoton hukumar da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, shi ya yaɗa sunan da ake kiransu da shi yanzu. Mafi yawansu ba su da ɗakunan kwana. Ɗalibi daga gida yake zuwa, ya koma gida ko ya wuce wurin aiki. Wannan batu yana da muhimmanci, domin ɗalibin da ba ya kwana a makaranta ba shi da lokacin da zai ɓata yana yawo daga ofis zuwa ofis, kuma duk abin da ya same shi a gida da shi yake shigowa aji.

An kafa Kwalejin Amarillo a 1929, a birni mai mutane kusan 200,000 da ke tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen fili mai iska a arewacin Teksas. Tattalin arzikin yankin ya dogara ne a kan kiwon shanun turka, manyan mayankun da ake sarrafa nama, da wasu masana'antu, kuma waɗannan mayankun sun jawo baƙi 'yan ci-rani daga Meziko da 'yan gudun hijira daga ƙasashe kamar Myanmar da Somaliya. Kwalejin tana da ɗalibai kusan dubu goma, babban harabarta yana kan titin Washington, tana kuma da wasu rassa a cikin birnin da garuruwan Dumas da Hereford. Kuɗin tafiyar da ita daga wurare uku yake fitowa: kason gwamnatin jiha, harajin gidaje da filaye na mazauna yankin, da kuɗin makarantar da ɗalibai suke biya. Mutanen gari ne suke zaɓen 'yan majalisar da ke kula da ita.

Da hukumar ta tattara bayanan ɗalibanta, sai ta haɗa siffofin da suka fi yawa a cikinsu ta ƙaga mutum guda, ta sa mata suna Maria. Ba wata takamaimiyar mace ba ce, misali ne da ake kafa hujja da shi a tarurruka: mace mai kimanin shekara 27, 'yar asalin Latin Amurka, uwa, mai aikin wucin gadi guda biyu, wadda babu wanda ya taɓa zuwa makarantar gaba da sakandare a gidansu. Amfanin wannan dabara shi ne ta tilasta wa kowane ma'aikaci ya auna ƙa'idar ofishinsa da rayuwar wannan mata, ba da rayuwar matashi ɗan shekara 18 wanda iyayensa suke ɗauke da nauyinsa ba. A ɗauka ta samu hutun awa ɗaya daga wurin aiki don ta gyara wata matsala a takardun tallafinta. Ta ɓata minti goma tana neman wurin ajiye mota, ta shiga ginin da take zaton shi ne, aka ce mata ba nan ba ne, aka nuna mata wani da yatsa. A can ta bi layi, da ta kai gaban tebur aka ce sai ta kawo sa hannun mai ba ta shawara kan kwasa-kwasai, shi kuma ya fita cin abinci. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya karya doka, kowa ya yi aikinsa daidai yadda aka rubuta masa, amma awarta ta ƙare, kuma abin da ta fahimta daga wannan rana shi ne ba don irinta aka gina wurin ba. Wanda iyayensa suka yi karatu ya san cewa wannan ɗawainiya ce kawai ta ofis, gobe zai dawo. Ita kuwa tana iya ɗauka cewa laifinta ne, ta ji kunyar sake tambaya, ta ƙi dawowa.

Don gano inda irin wannan yake faruwa, shugaban kwalejin ya ari wata dabara daga 'yan kasuwa: ya riƙa tura ɗalibai a asirce su je ofisoshi kamar masu neman shiga ko masu neman taimako, su dawo su ba da labarin yadda aka karɓe su. Ya kuma nemi ɗalibai su faɗi irin makarantar da suke fata, su duba kamfanonin da suka fi kyautata wa abokan cinikinsu, sannan su taimaka wajen rubuta ɗabi'un da za a riƙa auna ma'aikata da su. Kalmomi biyar suka fito, waɗanda ma'anarsu ita ce burgewa, nishaɗi, ƙirƙira, zumunci, da kuma "eh". Wanda ya saba da taken makarantu masu maganar nagarta da ƙwarewa zai iya ganin waɗannan kalmomi ba su da nauyi, amma ta ƙarshen tana ɗauke da umarni mai wuya ƙwarai. Abin da ake nufi shi ne ma'aikaci kada ya sallami ɗalibi da "ba aikina ba ne" ko "ba a yi", sai ya nemo hanyar da za a bi, kuma idan abin yana wani ofis ne ya tabbatar ɗalibin ya isa hannun wanda zai warware masa. A ranakun farko na zango ma'aikata sukan fito wuraren ajiye motoci da mashigar gine-gine su tarbi sababbin ɗalibai, su raka wanda ya rikice har ƙofar ajinsa. Wannan ba ya cin kuɗi, amma yana cin lokaci da girman kai, kuma a ganina shi ne sauyin da ya fi wuyar tabbatarwa, domin gini da zarar an gama shi ya tsaya, hali kuwa kullum sai an sabunta shi.

Kwalejin ta sa wa dukan shirin suna mai ma'anar "babu uzuri", kuma an yi ta kuskuren fahimtar wannan suna. Ba ɗalibi ake gaya wa cewa ba shi da uzuri ba. Makarantar ce take gaya wa kanta cewa talaucin ɗalibi ba zai zama uzurin da za ta fake da shi idan ya faɗi ba. An kawo Donna Beegle, wata masaniya da ta taso cikin matsanancin talauci kafin ta kai ga digirin digirgir, ta horar da ma'aikata a kan yadda talauci yake sauya tunanin mutum game da lokaci, alƙawari da hukuma. Shi kansa Lowery-Hart ya je birnin Waco na jihar Teksas ya shiga wani shiri da ake sa mutum ya yi ƙarshen mako yana rayuwar marar gida, ba kuɗi ba makwanci. Ana iya cewa kwana biyu ba sa koya wa mai albashi mene ne talauci, tunda ya san ranar da wahalar za ta ƙare, kuma wannan gaskiya ne. Duk da haka gani ya kori ji, kuma shugaban da ya taɓa bin layin abinci da yunwa a cikinsa ba zai yi saurin sa hannu a ƙa'idar da take neman ɗalibi ya cika takardu biyar kafin a ba shi taimakon gaggawa ba.

Abin da ya fi fitowa fili a ɓangaren gine-gine shi ne cibiyar tallafa wa ɗalibai da aka buɗe a 2016, wadda ake taƙaita sunanta da ARC. A nan aka tara abubuwan da a da suke warwatse ko babu su sam: rumbun abinci da ɗalibi zai ɗiba ya kai gida, ɗakin tufafi inda mai zuwa ganawar neman aiki zai samu kayan da zai sa, ma'aikatan jin daɗin jama'a da suke haɗa ɗalibi da hukumomi da ƙungiyoyin agaji na gari, da asusun gaggawa na biyan abin da ya taso ba shiri, kamar haya ko takardar wuta ko gyaran mota. Bayan wannan an samar da wurin ba da shawara ga masu damuwar zuciya, da taimakon lauyoyi, da wurin renon yara. Inda aka ajiye cibiyar shi ma magana ce. Ba a kai ta bayan gini ko wani lungu ba, an sa ta a ginin Ware da ke tsakiyar babban harabar, inda ɗalibai suke kai da kawo kullum. Akwai masu ganin cewa ɓoye irin wannan wuri shi ne rufin asiri ga mabuƙaci, amma ɓoyewar tana koya wa ɗalibi cewa abin kunya ne, alhali idan ƙofar tana kan hanyar kowa, shigarta ba ta bambanta da shiga ɗakin karatu.

Sauri shi ne ran asusun gaggawa. Ɗalibin da mai gida ya ba shi wa'adin kwana uku, ko wanda motarsa ta mutu a birnin da aka tsara don masu mota, ba shi da amfanin taimakon da zai fito bayan wata guda, domin kafin nan ya rasa aji huɗu, ya rasa aikin da yake ci da shi, ya kuma yanke shawarar ajiye karatu. Tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, yana iya biyan kuɗin makaranta a kwaleji irin wannan, amma a farkon zango ake lissafa shi, ba ya sanin ranar da taya za ta fashe. Sau da yawa abin da yake raba ɗalibi da makaranta bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, kuma kwalejin ta lura cewa biyan wannan ya fi mata araha a kan rasa ɗalibin gaba ɗaya tare da kuɗin makarantarsa na zangunan da suka rage. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Girman buƙatar ya bayyana ne a binciken da cibiyar Farfesa Sara Goldrick-Rab, mai nazarin ƙuncin rayuwar ɗalibai, ta gudanar a kwalejin a 2017. Daga cikin ɗaliban da suka amsa tambayoyin, kashi 54 cikin 100 sun fuskanci ƙarancin abinci a cikin kwana talatin da suka gabata, kashi 59 sun fuskanci rashin tabbas game da muhalli a cikin shekarar, kashi 11 kuma sun taɓa rasa wurin kwana. Waɗannan alƙaluma na waɗanda suka amsa ne, ba na kowane ɗalibi ba, amma ko an rage su sun isa su nuna cewa malamin da ya shiga aji mai mutum talatin yana tsaye ne a gaban mutane da dama da ba su karya kumallo ba.

Wani binciken da ya biyo baya ya fi wannan koyar da darasi game da gine-gine, kuma shi ne abin da ya fi jan hankalina a dukan lamarin. Duk da cewa cibiyar tana tsakiyar makaranta, kuma shugaban yana maganarta a ko'ina, akasarin ɗaliban da suka fi buƙatarta ba sa zuwa. Sai masu binciken suka raba ɗalibai kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, suka riƙa aika wa kashi ɗaya saƙon imel da sunan kowannensu, mai bayyana abin da ake samu a cibiyar cikin lafazin da ba ya sa mutum ya ji an raina shi, ɗaya kashin kuma ba a aika musu ba. Zuwan waɗanda aka aika wa saƙon ya ninka na sauran fiye da sau biyu, kuma sun fi su cin darussan share fage. Ke nan akwai ginin, akwai abincin, akwai ma'aikatan, amma tsakanin ɗalibi da ƙofar akwai wani shinge da ba a gani: rashin sani, kunya, da tunanin cewa an tanadi abin ne don wanda ya fi shi shiga uku. Hukumar da ta gina wuri ta yanke ƙyalle ta koma ofis tana iya rubuta a rahotonta cewa ta samar da kayan aiki, alhali ɗalibin da aka yi dominsa yana wucewa ta bakin ƙofar kullum bai taɓa leƙawa ba.

Ba a bar ɓangaren karatu yadda yake ba. Kwalejin ta mayar da yawancin kwasa-kwasanta daga zangon mako 16 zuwa na mako 8, ta yadda ɗalibi zai ɗauki darasi biyu a lokaci guda maimakon huɗu, ya gama su, sannan ya ɗauki wasu biyun. Hikimar ita ce mai aiki da iyali ya fi iya riƙe abu biyu a kansa, kuma idan wata masifa ta faɗo a tsakiyar shekara, abin da ya riga ya ci ya shiga aljihunsa, ba duka zai zube ba. An kuma wajabta zuwa wurin bita ga wanda makinsa ya yi ƙasa a wasu darussa, maimakon a bar shi ga zaɓinsa, saboda an lura cewa waɗanda suka fi buƙatar bita su ne suka fi jin nauyin zuwa. An samar wa malamai hanyar sanar da cibiyar tallafi da zarar sun ga ɗalibi ya fara fashi ko ya sauya, don a neme shi tun abin bai yi nisa ba.

A nan ne nauyin yake sauka a kan malamai, kuma bai kamata a wuce wannan da sauri ba. Malamin lissafi an ɗauke shi ne ya koyar da lissafi, yanzu kuma ana so ya lura da wanda ya rame, ya tambayi wadda ta daina zuwa, ya sake tsara darasin mako 16 ya shiga mako 8, ya yi gyaran takardu cikin rabin lokacin da ya saba. A kwalejojin al'umma na Amurka fiye da rabin masu koyarwa na wucin gadi ne, ana biyansu a kan kowane kwas, da yawansu ba su da ofis na kansu, wasunsu ma suna koyarwa a makarantu biyu ko uku don su haɗa abin da zai ishe su. Neman irin wannan malami ya zama uba kuma mai ba da shawara, ba tare da an ƙara masa lokaci ko lada ba, yana iya zama ɗora wa mai rauni kayan wani mai raunin. Akwai kuma fargabar da duk malamin kirki yake da ita, cewa idan aka matsa a kan yawan masu cin jarrabawa, wata rana tausayi zai rikiɗe ya koma sassauci, a ba da makin da ba a ci ba. Wannan fargaba halattacciya ce, musamman a fannoni irin aikin jinya inda rayuwar mutane take hannun wanda aka yaye. Amsar da tsarin Amarillo yake bayarwa ita ce a cire wa ɗalibi cikas na waje don ya iya kai wa ga mizanin, ba a sauko da mizanin ba. Amsa ce mai kyau a takarda, amma tabbatar da ita yana hannun kowane shugaban sashe da kowane malami, zango bayan zango.

Jarrabawar gaske ta zo a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa makarantu suka rufe ƙofofinsu suka koma koyarwa ta intanet. Ga ɗalibin da yake da kwamfuta da intanet a gida, wannan sauyin wuri ne kawai. Ga wanda yake rubuta aikin gida a wayarsa, ko yake dogara da kwamfutocin makaranta, rufe ginin daidai yake da korarsa. Kwalejin ta bar babban ɗakin kwamfutocinta da ke ƙarƙashin ginin Ware a buɗe, tare da tazara tsakanin kujeru da sauran matakan kariya, shugaban kuma ya bar ofishinsa ya dawo teburin da ke mashigar ginin, yana tarbar masu shigowa, ana duba zafin jikinsu, yana tambayarsu abin da suke buƙata. Shawara ce mai haɗari a lokacin da ba a gama sanin cutar ba, kuma mai hankali zai iya saɓa mata. Abin da ta nuna shi ne hukumar ta riga ta san su wane ne ɗalibanta tun kafin annobar, ta san cewa ɗakin kwamfuta a wurin wasunsu ba ƙari ba ne, shi ne makarantar.

Daga waje an yaba. Ƙungiyar Achieving the Dream, mai taimaka wa kwalejojin al'umma su inganta nasarar ɗalibansu, wadda kwalejin ta shiga a 2011, ta ba ta babbar lambarta a 2019. A watan Mayun wannan shekarar masu zaɓe na yankin suka amince a ciyo bashin kimanin dala miliyan 89 don gyara da sabunta gine-ginen kwalejin, bashin da harajinsu ne zai biya, wanda hakan shaida ce ta yardar mutanen gari. A 2021 attajira MacKenzie Scott ta ba ta kyautar dala miliyan 15, sannan a 2023 ta raba lambar Aspen, wadda ita ce mafi daraja ga kwalejojin al'umma a ƙasar, da Kwalejin Imperial Valley ta jihar Kalifoniya. Alƙalan wannan lamba suna duba yawan masu kammalawa, masu wucewa jami'a, aikin da ɗalibai suke samu bayan sun fita, da ko 'ya'yan talakawa da tsiraru suna samun rabonsu daidai da saura.

Sai dai mai nazari dole ya yi taka-tsantsan wajen danganta nasarar ga abu guda. An sauya halin ma'aikata, an buɗe cibiyar tallafi, an gajarta zango, an wajabta bita, duk a cikin 'yan shekaru, don haka ba a iya ware kason kowannensu. Wannan ya bambanta da shirin tallafa wa ɗalibai mai suna ASAP na Jami'ar Birnin New York, wanda aka fara a 2007, inda aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a aka ga kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka shiga sun kammala cikin shekara uku, a kan kashi 22 na waɗanda ba su shiga ba. Wancan shiri ne mai iyaka da tsada, mai ba da katin shiga jirgin ƙasa da bas, littattafai, da mai ba da shawara da ke riƙe da ɗalibai kaɗan. Na Amarillo kuwa yunƙuri ne na sauya makaranta gaba ɗayanta da kuɗi kaɗan, kuma ƙarfinsa da rauninsa duk a nan suke. Rumbun abinci yana ciyar da iyali na 'yan kwanaki, ba ya ƙara albashin mayanka. Asusun gaggawa yana biyan hayar wata ɗaya, ba ya rage tsadar gidaje, kuma da yawan kuɗinsa daga masu ba da gudummawa yake fitowa, waɗanda suke iya bayarwa bana su ƙi baɗi. Teksas tana cikin jihohin da ba su faɗaɗa shirin inshorar lafiya na masu ƙaramin ƙarfi ba, saboda haka ɗalibin da ya kwanta ciwo yana iya tashi da bashin da babu asusun makarantar da zai iya ɗauka. Kwalejin tana toshe ramukan da wasu hukumomi suka bari ne, kuma akwai ɗaliban da duk da wannan ƙoƙari suka tafi ba su dawo ba.

A 2023 abubuwa biyu suka faru da za su nuna ko abin da aka gina ya kafu. Lowery-Hart ya bar Amarillo ya koma shugabancin Kwalejin Al'umma ta Austin, wanda hakan ya raba tsarin da mutumin da aka fi saninsa da shi, ya bar shi a hannun magatakarda, masu ba da shawara, ma'aikatan cibiyar tallafi da malaman da suke fuskantar ɗalibai kullum. A wannan shekarar kuma majalisar dokokin Teksas ta zartar da dokar da ta sauya yadda jiha take ba kwalejojin al'umma kuɗi: maimakon a dogara galibi ga yawan awannin da ɗalibai suka zauna a aji, yanzu ana biya ne bisa yawan waɗanda suka samu takardar shaida mai amfani a kasuwar aiki ko suka wuce jami'a, tare da ƙarin kaso a kan ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da masu shekara 25 zuwa sama. A ƙarƙashin wannan doka, ɗaliba irin Maria da ta juya daga bakin ofis ba ta dawo ba, asara ce da za ta fito a kasafin kuɗin kowace kwaleji a jihar.